Wanka, wanki da wanke-wanke: yadda ake faɗinsu da Ingilishi ba tare da jin kunya ko asara ba

Shekara 15 ke nan da aka tura ni wani horo na ƴan jarida a birnin Accra na ƙasar Gana. An sauke ni gidan wata dattijuwa wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Na iso da dare, na kwaso ƙurar hanya tun daga Yamai, ba abin da nake so irin in watsa ruwa. Sai na tattaro ɗan Ingilishin da na koya a kolej da lise, na ce mata: «Madam, I need a douche.» Matar ta yi shiru tana kallona, can sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Da safe ta zaunar da ni ta yi mini bayani: kalmar «douche» tana cikin Ingilishi, amma ba wanka take nufi ba. Abin da take nufi shi ne wankin da mace ke yi wa al'aurarta daga ciki, ko kuma abin da ake yin wankin da shi. A Amurka ma har zagi ake yi da ita.

Na tuna da wannan labari ne saboda ɗan yayata da ya ci BAC yana shirin tafiya Gana koyon Ingilishi, kamar ɗaruruwan samarinmu. Wasu Kano suke nufa, wasu Sakkwato ko Katsina. Ƴan kasuwar Maraɗi, Ƙonni da Magarya kullum suna tsallaka iyaka. Alhazai suna isa Saudiyya su tarar da alluna da Larabci da Ingilishi. Ga kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. To, cikin kalmomin da mutum yake buƙata tun ranar farko, kafin na siyasa ko na kasuwanci, akwai na wanka da wanki da kewayawa. Kuma a nan ne wanda ya yi lakol da Faransanci ya fi saurin zamewa, don kalmomi da yawa suna kama da waɗanda ya sani, alhali ma'anarsu daban.

Abu uku da Bahaushe ya riga ya raba

Bahaushe ba ya haɗa wanka da wanki, ba ya haɗa wanki da wanke-wanke. Wanka na jiki ne, wanki na tufafi, wanke-wanke na kwanuka. Ingilishi ma haka ya raba su. Wanka shi ne «bath» ko «shower». Wankin tufafi shi ne «the washing» a Ingila, ko «the laundry», wanda aka fi ji a Amurka. Wanke-wanke kuwa «the washing-up» ne a Ingila, Amurkawa kuma su ce «the dishes». Uwarsu duka ita ce «wash», wato wanke, wadda ake yi wa hannu, fuska, riga, mota, shinkafa da duk abin da ruwa ke tsabtacewa.

Wani abin da zai ba mai karatu ƙarfin gwiwa shi ne, mun daɗe da aro waɗannan kalmomi ba mu lura ba. Bahon da ake yi wa jinjiri wanka a ciki daga «bath» ya fito. Shawa daga «shower», tawul daga «towel», bokiti daga «bucket», buroshi daga «brush», famfo daga «pump». Wanda ya ce bai iya Ingilishi ba, ya leƙa makewayin gidansa, zai tarar da rabin kayan da ke ciki da sunan Ingilishi yake kiransu.

«Bath» da «bathe»: harafi ɗaya ya raba su

«Bath» suna ne. Yana nufin wankan da ake yi ta hanyar shiga cikin kwamin wanka a zauna ko a kwanta cikin ruwa, yana kuma nufin shi kansa kwamin, abin da Faransawa ke ce wa «baignoire», Amurkawa kuma «bathtub» ko «tub». Ba a cewa «make a bath» ko «do a bath». Mutumin Ingila zai ce «have a bath», Ba'amurke ya ce «take a bath». Haka ma «have a shower» da «take a shower» ga wanda ya tsaya ƙarƙashin shawa. Dukansu daidai ne, a jarabawa ko a magana.

«Bathe», mai harafin e a ƙarshe, aikatau ne. Furucinsu ma ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya yi makarantar allo yana da hanya mai sauƙi ta rarrabe su. Ƙarshen «bath» irin harafin Larabcin nan ne mai ɗigo uku, na farkon kalmar «thalatha». Ƙarshen «bathe» kuwa irin zalun ne, na farkon «dhalika», sannan wasalin tsakiya ya koma «ei». Haka abin yake tsakanin «breath», numfashi, da «breathe», yin numfashi.

A Amurka «bathe» na nufin yin wanka ko yi wa wani wanka: «bathe the baby». A Ingila an fi cewa «bath the baby», su bar «bathe» ga abu biyu. Na farko shi ne wanke ciwo ko ido a hankali da ruwa ko magani. Na biyu shi ne shiga kogi ko teku don iyo, kamar dai «se baigner» na Faransanci. Wannan ma'ana ta biyu tana da muhimmanci. In ka je bakin teku a Accra ko Legas ka ga allo an rubuta «No bathing», ba wanka da soso da sabulu kawai aka hana ba. Cewa aka yi kada ka shiga ruwan sam, daidai da «baignade interdite». Mu da muka tashi nesa da teku, iyakarmu gulbi da tabki, wannan allo ne da ya kamata mu ɗauka da gaske.

A Najeriya da Gana kuma, inda yawancinmu za su yi amfani da harshen, «bath» ta zama aikatau na kowane irin wanka, ko da bokiti ne ko da shawa. Za ka ji uwa ta ce wa ɗanta «go and bath», a Ingilishin kasuwa kuma a ce «baf». Kowa zai gane ka in ka faɗi haka a Kano ko Kumasi. Amma a takardar jarabawa, ko a gaban Baturen Ingila, gara ka ce «have a shower» ko «have a wash». In ka gaya masa cewa lokacin zafin Afrilu kana yin «bath» sau 3 a rana, zai ɗauka kwami kake cikawa, wanda kan ci kusan lita 80 na ruwa, fiye da bido 3 na lita 25. Zai yi mamakin kuɗin da kake ba ɗan garuwa. Wankanmu na bokiti da moɗa yana da sunansa: «bucket bath».

Akwai ma gari sukutum a kudu maso yammacin Ingila mai suna Bath. Ya samo sunan ne daga wuraren wankan da Rumawa suka gina a kan wani marmaro mai fitar da ruwan zafi, kusan shekara 2000 da suka wuce. Hukumar UNESCO ta sa garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1987.

Inda Faransanci ke ja mu cikin rami

Bayan «douche», kalma ta biyu mai haɗari ita ce «toilette». Mun saba da «faire sa toilette», wato mutum ya wanke jiki ya kimtsa. A Ingilishin yau «toilet» masai ne kawai. Wanda ya ce «I am making my toilet» zai sa a yi masa kallon mamaki. Asalin kalmar dai Faransanci ne, daga «toile», ɗan ƙyallen da ake shimfiɗawa a kan teburin kwalliya. Ingilishi ya are ta, a hankali ma'anarta ta gangara daga teburin kwalliya zuwa ɗakin kimtsawa, daga nan zuwa masai.

Ta uku ita ce «serviette». In ka nemi «serviette» a otel, ɗan ƙyalle ko takardar goge baki ta wurin cin abinci za a miƙo maka. Abin goge jiki «towel» ne, tawul ɗinmu dai. Ta huɗu «pressing». Kalmar tana da kamar Ingilishi, kuma haka muke gani a rubuce a shagunan wanki da guga na Yamai da Damagaram, amma Faransawa ne suka ba ta wannan ma'ana. Mai jin Ingilishi «dry cleaner's» ko «laundry» ya sani. Haka wurin wankin mota da muke kira «lavage», sunansa «car wash». Abin dariya ma shi ne «WC»: gajarta kalmomin Ingilishi ne, «water closet», amma yau masu Faransanci sun fi masu harshen furta shi.

Akwai kuma ginin jimla. Bafaranshe yana cewa «je me lave les mains», sai ɗalibi ya bi sawunsa ya rubuta «I wash me the hands», wanda kuskure ne. Daidai shi ne «I wash my hands». Duba da kyau, mai karatu: haka Bahaushe yake faɗa, «na wanke hannuna». A nan Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi. Da malamanmu na kolej za su riƙa barin yara su bi ta Hausa kai tsaye a irin wannan wuri, da an rage kurakurai da yawa.

«Wash up»: kalma ɗaya, aiki biyu

Ga wata da ke rikita su kansu masu harshen. A Ingila, «wash up» wanke-wanke ne bayan an ci abinci. A Amurka, «wash up» wanke hannu da fuska ne, galibi kafin a ci. Saboda haka in Ba'amurkiya ta ce maka «go and wash up» tana gayyatarka cin abinci ne. In Baturiyar Ingila ta ce «can you wash up?», soso da kwanuka ne ke jiranka. Hanyar ganewa ita ce lokacin da aka faɗa: kafin abinci ko bayansa.

A kanti ma a lura. «Washing powder» garin sabulun wanki ne, wanda muke kira omo ko wane kamfani ya yi shi. «Washing-up liquid» na kwanuka ne. «Body wash» da «shower gel» na jiki ne. «Hand wash» a jikin kwalba sabulun ruwa ne na wanke hannu, amma a jikin riga yana nufin a wanke ta da hannu.

Yadda ake tambayar makewayi

Kamar yadda Bahaushe yake kauce wa kiran abin da sunansa, ya ce ban ɗaki, bayan gida, makewayi, ko «zan kewaya», haka mai Ingilishi yake yi, kuma yawancin kalmomin da yake fakewa da su na wanka ne. Ba'amurke zai ce «bathroom» ko da babu wurin wanka a ciki, a wuraren jama'a kuma ya ce «restroom». A Kanada da Gana «washroom» aka fi ji. A Ingila «toilet» ba abin kunya ba ne, a cikin raha kuma su ce «loo». A jirgin sama «lavatory» za ka gani a ƙofa, kalmar da ta fito tushe ɗaya da «laver» da «lavabo». A Najeriya za ka ji «I want to ease myself» ko ka ga an rubuta «convenience». Mu ma ai haka muka yi da dush: sau da yawa wanda ya tambaye ka dush ba wanka zai yi ba.

Ɗalibi mai neman hayar ɗaki ya riƙe wannan. «Self-contained» a Najeriya da Gana ɗaki ne mai makewayinsa a ciki. «Shared bathroom» na nufin za ka yi tarayya da maƙwabta. Bambancin kuɗinsu ba kaɗan ba ne, don haka a tambaya kafin a biya kuɗin shekara.

Ga alhazai da masu umara, alwala ita ce «ablution», kusan kamar a Faransanci, wani lokaci kuma a rubuta «wudu». Wankan ibada, na janaba ko na harama, ana ce masa «ritual bath» ko a bar shi da sunansa na Larabci, «ghusl». «Men» ko «Gents» ɓangaren maza ne, «Women» ko «Ladies» na mata. Mai rakiyar tsoho ko tsohuwa ya koya musu waɗannan tun daga gida.

Takardar magani da alamar tufafi

A nan ne kuskure yake wuce abin dariya. Magunguna da kayan shafa masu yawa da ke kasuwanninmu daga Najeriya ko Indiya suke zuwa, kuma bayanin da ke jikinsu da Ingilishi ne. «Rinse» ɗauraya ce da ruwa mai tsabta. «Mouthwash» ruwan kurkure baki ne, ana tofar da shi. «Gargle» kurkure maƙogwaro ne. «Do not swallow» na nufin kada a haɗiye. «For external use only» na nufin na shafawa ko wankewa ne daga waje, ba na sha ba. «Eyewash» ruwan wanke ido ne. «Bathe the wound» na nufin a wanke ciwon a hankali, ba a yi wa majinyacin wanka ba. «Soak» jiƙawa ce, «scrub» cuɗawa da ƙarfi, «wipe» gogewa. «Dilute» na nufin a sirka da ruwa kafin a yi amfani. Wanda bai tabbatar da abin da ya karanta ba ya kai kwalbar farmasi ko gidan likita a duba masa. Hakan ya fi a gwada a jikin yaro.

A jikin tufafi, musamman kayan gwanjo, akwai ɗan ƙyalle mai rubutu da zane. Zanen baho mai lamba 30 ko 40 a ciki yana nuna iyakar zafin ruwan da rigar za ta jure. Baho mai hannu a ciki, ko rubutun «hand wash only», wankin hannu kawai. «Dry clean only» na nufin kada ruwa ya taɓa ta, a kai wa masu wankin sinadari. «Wash separately» na nufin tana zuba, a ware ta. «Do not bleach» na nufin kada a sa mata jabel. Daga wannan «bleach» ɗin ne muka samo bilicin, man sauya launin fata. Kwat ɗin da aka saya jika 15 na iya lalacewa a wanki ɗaya saboda kalma uku da ba a karanta ba.

Masu neman aiki a ƙungiyoyin agaji su ma sun san kalmar WASH, da manyan haruffa. Ba wanki ake nufi ba. Gajarta «water, sanitation and hygiene» ne, wato ruwa, tsabtar muhalli da tsabtar jiki, abin da takardun Faransanci ke kira EHA. Ƙarƙashin wannan fanni ne ake bikin ranar wanke hannu ta duniya kowace 15 ga Oktoba tun 2008, da ranar makewayi ta duniya kowace 19 ga Nuwamba.

Wankan da babu ruwa a cikinsa

«Shower» ba shawa kawai ba ce. A rahoton yanayi, «showers» ruwan sama ne mai zuwa ya ɗauke nan da nan, «averse» da Faransanci. Daga wannan hoto na abin da ke zubowa daga sama aka samo «bridal shower» da «baby shower», waɗanda yanzu ake gani a katin bikin ƴan Kano da Abuja, har sun fara shigowa namu. Taro ne na mata inda ake yi wa amarya ko mai ciki ruwan kyaututtuka. Ba shi da alaƙa da wankan amarya na al'adarmu, balle wankan jego. Wadda aka gayyata ta tafi da kyauta, ba da lalle ba.

A makwabtanmu kuma, in mutum ya sayi sabuwar mota abokai suka ce «come and wash it», ba bokiti suke so ya ɗauko ba. So suke ya yi musu walima, abin da muke cewa «arroser» da Faransanci. Wanda aka ce ya «baff up» ya ci ado ne, daidai da yadda samarinmu ke cewa wane ya ɗau wanka.

Akwai inda fassara kalma da kalma takan juya magana. Muna cewa kotu ta wanke wane, Faransanci ya ce «blanchi». Da Ingilishi «cleared» ko «acquitted» ake cewa. In ɗan jarida ya rubuta «whitewashed», ya ce an yi rufa-rufa ke nan, an shafa wa laifi farar ƙasa, kuma wannan magana ce da za ta iya kai shi gaban alƙali. «Money laundering» kuma, wanda a zahiri wankin kuɗi ne, shi ne «blanchiment d'argent», halatta kuɗin haram. «I wash my hands of it» na nufin na tsame hannuna daga lamarin. Wankin ƙoda «dialysis» ne, wankin hoto na zamanin da «developing», babu «wash» a ko ɗaya.

Abin da na rubuta wa ɗan yayata

Kafin ya hau mota na ba shi ƴar takarda mai jimla biyar. «Where is the washroom, please?» in zai kewaya. «I'd like to take a shower» in zai yi wanka. «Can I have a towel and a bucket?» in yana son tawul da bokiti. «Where can I wash my clothes?» in wanki ya taru. «Where can I perform ablution?» in lokacin salla ya yi. Na kuma ja masa kunne a kan kalmar nan guda da ta sa dattijuwar Accra dariya, na ce ya bar ta a Maraɗi, zai tarar da ita in ya dawo.

Sauran kuwa zai koya a can, kamar yadda na koya, ta hanyar buɗe baki ya yi tambaya duk inda bai gane ba. Matambayi ba ya ɓata.